Kwalin Ƙungiya a Ɗakin Maijego

Daga Sabon Birni har Isa, in ana zancen riƙon amana, sunan Maliki ake fara kamawa. Ma'aikacin lafiya ne a wani ɗan asibiti da ke bakin gari. Ba likita ba ne, amma tunda farar riga yake sawa kowa Likita yake kiransa, har mahaifiyarsa Inna Fatu, wadda da ma kunyar ɗan fari ta hana ta kama sunansa. Shi ne ma'ajin Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya Masu Yaƙi da Hawan Jini, wadda mutanen gari suka gaji da tsawon sunanta suka mayar da ita Ƙungiyar Hawan Jini, sai ka ce su ke rabon cutar. Ko biron ƙungiya Maliki ba ya rubuta abin kansa da shi. Wannan gaskiya ce, ba za a ɗauki alhakinsa ba. Matarsa Basira ma shaida ce, don ita ta ɗanɗani amanar nan fiye da kowa.

A bazarar da Basira ta haihu ne ƙungiya ta yi abin a-zo-a-gani. Aka haɗa kuɗin wata-wata na 'ya'yanta da gudummawar 'yan kasuwa, aka sayo injinan awon jini sababbi fil daga Sakkwato, kwali guda, waɗanda za a riƙa bi kasuwa-kasuwa da su ana auna talakawa kyauta. Sai dai kafin kwalin ya iso, rigima ta riga shi sauka. Reshen Isa suka ce a garinsu za a ƙaddamar, reshen Sabon Birni suka ce sai dai a mutu. Da ƙyar manya suka raba gardama: biki a Isa, ajiya a Sabon Birni. Kuma da yake kowane ɓangare ya san halin ɗan'uwansa, aka naɗe kwalin da salatif, shugabannin rassan biyu suka sa hannu a kan salatif ɗin, aka ce ba mai buɗewa sai babban baƙo ya zo da almakashi ranar taro. Aka danƙa wa ma'aji. Ma'aji kuwa ya duba ko'ina bai ga wurin da ya kai ƙarƙashin gadon matarsa tsaro ba.

Haihuwar fari ce. Bisa al'ada gidan iyayenta a Burkusuma ya kamata Basira ta je wanka, amma hanyar ta daina biyuwa saboda mutanen daji, ko ɗan kabu-kabu sai ya yi sallama da iyalinsa yake kama ta. Don haka Inna Fatu ta ɗaura ɗamara.

"Ba a cewa mun yi ma ɗiyar mutane wankan jeka-na-yi-ka," in ji ta. "Abin da uwatta za ta yi mata, ni sai na ninka."

Ta kuwa ninka. Safe da yamma garwa tana tafasa a kan murhu, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa Basira har fatarta ta yi jawur, a cikin zafin da ko kaza buɗe baki take yi. In ta fito ga kwanon kunun kanwa yana jira, kanwar Nijar ta ainihi da Inna ta sa aka sayo takanas, kuma ba da tsoro take zuba ta ba. Ga ƙauri da yaji, ga gasasshen nama ya sha gishiri. Duk wannan hidimar Inna cikin hijabin ƙungiya take yin ta, wanda ɗanta ya saya mata da kuɗin aljihunsa har ya karɓi rasit. A bayan hijabin an rubuta da manyan baƙaƙe: RAGE GISHIRI, RAGE KANWA, KI TSIRA. Inna ba ta karatun boko. Basira kuwa ta gama sakandare, kuma duk lokacin da tsohuwar ta duƙa tana dama kunu sai ta karanta rubutun tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karɓi kwanon da hannu biyu ta ce, "Sannu da aiki, Inna."

Bayan suna ciwon kai ya fara. Ba irin ciwon kan da ta sani ba, wannan a ƙeya yake zama, yana bugu kamar ana daka a maƙwabta. Daga nan ƙafafu suka tasa har silifas ya daina shiga. In ta ɗauki yaron, wanda aka raɗa wa Hafizullahi, sai ta ga wasu 'yan taurari suna gilmawa tsakaninta da fuskarsa. A gaban mutane ba ta ko kallonsa, kunyar ɗan fari. Amma in ɗaki ya zama nata ita kaɗai, sai ta rungume shi a hannun hagu, ta yi ta shinshinar wuyansa tana yi masa surutun da ba wanda ya taɓa jin tana yi. Ta fara tsoro, tsoro na gaske, don ta sha jin mijinta yana lissafa wa mutane waɗannan alamomin a zaure.

Wata safiya yana ɗaura agogo ta ce, "Malam, kaina ya ƙi sauka. Ka auna ni mana."

"Da mi?" ya ce. "Kin san na wurin aikinmu ya lalace tun bara. Don haka ma munka sayo waɗanga."

Ta kalli ƙarƙashin gadon.

Maliki ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro. Ya durƙusa ya jawo kwalin, ya nuna mata da ɗan yatsa. "Duba nan. Wanga sa hannun Dakta Jibrilla ne, shugabanmu. Wanga na mutanen Isa. In salatif ɗin ga ya ko tattare, cewa za su yi Maliki ya ci amana. Kina son a ce mijinki ɓarawo ne?"

"Allah shi kiyaye."

"To kin gani. Gajiyar haihuwa ce." Ya ɓallo mata farasitamol biyu daga nasa na kansa, ya tura kwalin ya koma mazauninsa, ya fita.

Da yamma kwamiti yakan zauna a zauren gidan, kuma katangar ba ta da kauri. Basira tana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi take jin yadda ake kashe kuɗin ƙungiya. An yi zama guda cur a kan launin hula, ko shuɗi ko kore. An yi wani a kan kujerar babban baƙo, ko a yi haya ko a aro. Aka ware kuɗin riguna, na ƙyallen da za a rataya a bakin kasuwa, na mai ɗaukar hoto, na mai lasifika. Wani ya kawo shawarar a sayi magani a raba wa waɗanda aka samu jininsu ya hau, aka ce shawara ce mai kyau, a ajiye ta sai baɗi. Sannan a aika a sayo tsire da lemo, a ci, a yi addu'a, a watse.

Habi ce kaɗai ta ɗauki abin da zafi. Ƙanwar Maliki ce, tela, tana aure a unguwar da ke bayansu, kuma bakinta ba ya da linzami. Ta shigo ta ga ƙafar Basira ta dafe ƙirji.

"La'ilaha! Matar yaya, wagga ƙahwa ko turmi? Ga injin ƙarƙashinki kina kwance bisa shi awa kaza bisa ƙwai? Tashi mu huda shi ta gindi, in mun gama in liƙe. Ni da ke ɗinke rigar amarya ba a ga zare ba?"

Ta jawo kwalin ta kifa shi. Sai ga sa hannu biyu a gindin ma, ɗaya na Sabon Birni, ɗaya na Isa, sun haye salatif ɗin ɗoɗar. Habi ta saki baki, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Basira ma ta yi dariya, dariyar ta sa ƙeyarta sarawa, ta koma ta kwanta.

Habi ba ta bar maganar ba. Ta tare yayanta a tsakar gida ta ce ya shiga ya dubi ƙafar matarsa da idon aikinsa, ba da idon miji ba. Ya shiga. Ya danna babban yatsansa a kan idon sawun Basira, ya ɗauke. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Basira tana kallon fuskarsa, ta ga lokacin da ya gane. Wallahi ya gane. Ya miƙe ya nufi rumfar Inna, ita kuma ta kasa kunne.

"Inna, da ma cewa za ni yi, ko a ɗan rage kanwar ga. Da ruwan zahin."

Muciya ta daina motsi. "Mi kac ce, Likita?"

"A'a, wai don zahin gari."

"Haihuwa tara niy yi, da kanwar ga niy yi su, ga ni tsaye. Kai kanka ruwan nonon kanwa ka sha har ka zama abin da ka zama. Kumburin da kag gani sanyi ne ya shige ta, kuma wuta ka hid da sanyi. Boko dai nag ga ya kai ka har ka koya mani jego?"

"Allah shi huci zuciyarki, Inna. Ba haka niy yi nuhi ba."

Shi ke nan. Mutumin da ke tsayawa a tsakiyar kasuwa ya yi wa dattawa faɗa a kan gishiri, ya dawo ɗaki yana sosa ƙeya. Washegari Inna ta ƙara itace a murhu, ta ƙara dunƙulen kanwa, don a fitar da sanyin da wuri.

Basira ta ce to a kai ta babban asibiti. Inna ta ce maijego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, sai dai in so ake iska ta shafe ta. Basira ta ce to ya aro injin wani abokin aikinsa, ai ba duka suka lalace ba. Nan Maliki ya zauna bakin gado ya yi mata bayani a natse, don shi mutum ne mai bayani.

"Ki yi tunani. Duk wanda za ni ara wurinshi ɗan ƙungiya ne. Gobe Isa ta ɗauka: matar ma'aji na da hawan jini, kuma kunun kanwa a gidanshi aka damawa. Ana saura 'yan kwanaki taro! Da wane ido za ni kalli mutane? Ki daure. Ana yanke salatif, ke ta hwarko. Na yi maki alkawari."

Ta ce, "To."

Me za ta ce? Uwarta tana can bayan daji, waya ma sai an hau tudu ake samunta. Kuma ba zaginta ake ba, ba dukanta ake ba. Nama ake ba ta. Da wane baki za ta ce ana cutarta?

Kwanakin da suka biyo baya ta daina iya kwanciya sosai, sai a jingine, don in ta miƙe numfashi sarƙewa yake. Aka kawo rigunan ƙungiya daga wurin bugu, Maliki ya zube su a ɗakin ya ce tunda tana zaune ta taimaka da ninki. Ta yi ta ninkewa. A ƙirjin kowace riga an rubuta: YAUSHE RABONKA DA AWO? Shi kuma yana tsaye gaban madubinta yana gwada jawabin da zai yi, hannu ɗaya a sama.

"Ya ku mazaje! Hawan jini kisan mummuƙe gare shi. Ku ji tsoron Allah cikin matanku, musamman masu jego. In kun ga ƙahwa ta kumbura, in kun ji ta ce kai, kada ku jira gobe!" Ya juyo. "Ya kika ji wurin nan? Ya yi daɗi, ko in ƙara ƙarfi?"

Basira ta dube shi ta cikin taurarin nan. "Ya yi, Malam. Kowa ya ji shi sai jikinshi ya yi sanyi."

Ya ji daɗi ƙwarai.

Ranar taro tun da hantsi motar ƙungiya ta tsaya a ƙofar gida. Maliki ya sha sabuwar shadda da hular da kwamiti ya amince da launinta. Ya jawo kwalin, ya goge masa ƙura da hannun rigarsa, ya duba sa hannu sama da ƙasa, ko ƙwarzane babu. Ya rungume shi a ƙirji. A ƙarƙashin gadon sai shatinsa ya rage a kan siminti.

"Malam," in ji Basira, harshenta ya yi mata nauyi. "Yau hannuna na hagu wani iri nike jin shi."

"Kin kwanta bisa shi ne. Kahin la'asar na dawo da guda, da hannuna za ni auna ki. Yi muna addu'a."

Motar ta tashi. Inna ta leƙo ta ce ruwa ya tafasa.

Basira ta shayar da yaron tukuna. Ta riƙe shi a hagu kamar kullum, ta daɗe tana shinshinar wuyansa, har Inna ta sake kira. Ta kwantar da shi ta fita. Tururi ya turnuƙe bayan ɗakin. Fyaɗa ta farko ta ji ta, ta biyu ma ta ji. A ta uku sai ta ji wani abu ya tsinke a cikin kanta, ba da ƙara ba, a hankali, ƙasa ta taso ta same ta. Tana jin Inna tana salati, tana jin gudun Habi, tana jin Habi tana ihu wayar yaya a kashe take. Ta so ta ce musu jawabi yake yi, kada a dame shi. Bakin ya ƙi.

A babban asibiti aka auna ta. Wata ma'aikaciya ce sanye da rigar ƙungiya, ɗaya daga cikin waɗanda Basira ta ninke, ba ta samu gurbi a motar Isa ba aka bar ta aiki. Ta naɗa mata abin a dantse, ta matsa, ta dubi lambar, ta sake matsawa. Sannan ta dubi Habi.

"Wagga ba matar ma'aji ba ce?"



An ce taron Isa ya yi armashi. An ce da Maliki ya zo wurin masu jego har wata tsohuwa ta yi kuka. An kuma yaba, a gaban babban baƙo, yadda aka samu kwalin ƙungiya kamar ranar da aka rufe shi.

Basira ba ta mutu ba. Ta dawo gida da ɓarin hagu a shanye, baki a karkace, hannun yana lilo kamar ba nata ba. Yanzu in yaron zai sha nono sai Habi ta riƙe shi ta kara mata. Ba ta da sauran lokacin da ɗaki zai zama nata ita kaɗai, kuma ko ya zama, ba ta iya ɗaukarsa. Wannan ya fi komai ci mata rai, ta yi kukansa har hawayen ya ƙare. Inna Fatu ta rame don tausayi, tana gaya wa 'yan dubiya cewa iska ce, kuma da ma wankan bai gama shigarta ba. Maliki kuwa cewa yake ƙaddara ta riga fata. In ya shigo ɗakin, bango yake kallo.

Bayan arba'in kwamiti ya zo dubiya, rassan biyu a haɗe, abin da ba a taɓa gani ba. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fito da Basira aka jingina ta da matashi. Dakta Jibrilla, mutum mai kirki da taushin murya, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce ƙungiya ta zauna ta amince, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, a ba iyalin ma'aji injin awo guda kyauta. Aka tafa. Ya ce akwai kuma wata 'yar alfarma. Masu ba da gudummawa sun fi motsawa in sun ga fuska. In an yarda, za a ɗauki hotonta a sa a ƙyallen baɗi, don sauran mata su ɗauki darasi. Har ma'aji ya taimaka da kalmomin da za a rubuta a ƙasa. Dakta ya zaro wayarsa ya karanta: "Da ta nemi awo da wuri, da ba haka ba."

"Sadaka ce mai gudana," in ji shugaban reshen Isa.

Habi ta yunƙura za ta yi magana, Inna ta galla mata harara, ga maza a wurin. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Maliki ya durƙusa ya naɗa wa matarsa injin a hannun hagu, don ta nan haske ya fi kyau.

Basira ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata. Ta kafe mijinta da ido. Maganar ta fito a jagule, da yawu, amma ta fito.

"Na... nema."

Dakta Jibrilla ya matso da kunne. "Mi tac ce?"

Maliki ya ji. Tsakaninsa da bakinta bai kai taƙi ɗaya ba, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi gane sabon harshenta. Hannunsa ya tsaya a kan dantsenta. Ya dubi shugaban, ya dubi mutanen Isa, ya dubi Inna da ke tsaye bakin rumfa cikin hijabinta.

"Godiya take yi," ya ce.

"Allah sarki," in ji Dakta Jibrilla. "Ba komai, Hajiya. Aikinmu ne."

Mai hoto ya ce kowa ya kalli nan, aka ɗauka.